Hawainiyar da ƙashinta ya yi laushi: nazarin shekara guda na ciwo da jinya

## Asalin lamarin

A ƙasar Hausa hawainiya 'yar jeji ce. A gona ake cin karo da ita, kan rama ko cikin geza, yara su tsokane ta da kara su wuce. A Turai da Amurka kuwa dabbar kiwo ce, shago ɗaya ake sayar da ita da aku da kifin ado. Har daga Ghana da Togo da Benin an daɗe ana fitar da ta yankinmu zuwa can. Sai dai wadda ta fi cika gidajensu ita ce 'yar Yaman, Chamaeleo calyptratus, mai dogon zanko a ka, wadda asalinta tsaunukan Yaman ne da kudu maso yammacin Saudiyya. Yanzu a can Turai ake ƙyanƙyasar ta.

Cikin cututtukan da suka fi kai wannan dabba gaban likita tun tana ƙarama akwai wadda likitocin dabbobi ke taƙaitawa da MBD. Ƙashi ne ke rasa kalsiyam, ya yi laushi, ya lanƙwashe ko ya karye. Abin da ke tafe labarin wata mace ce daga irin 'yar Yaman ɗin, wadda wani matashi mai aikin dare a wani birni na arewacin Ingila ya saya, daga Satumba zuwa Satumban shekarar da ta biyo.

## Satumba: saye da shirin keji

Ya saye ta tana da kamar wata huɗu, nauyinta giram 28. Shagon ya haɗa masa da kayan farawa: akwatin gilashi mai tsayin santimita 45 da raga a samansa, ƙwan fitila mai zafi, reshen roba, kwanon ruwa, da robar gyare. Babu fitilar UVB a ciki, wato mai ba da wani nau'in hasken rana da ido ba ya gani. Da ya tambaya, aka ce masa in dai akwatin yana kusa da taga, rana ta isar. Ya ajiye shi a jikin tagar da ke kallon kudu, inda hantsi ke shigowa.

Abincinta gyare goma zuwa goma sha biyu a rana, da tsutsar dusa jefi-jefi. Su kuma gyaren dusa suke ci da ɓawon dankali a cikin robarsu. An ba shi garin kalsiyam na barbaɗa wa ƙwari, amma sai ya tuna yake sawa, wani lokaci mako ya zagayo bai taɓa shi ba, domin ya lura tana kau da kai daga gyaren da ya yi fari fat.

## Oktoba zuwa Disamba: girma a ido, rama a ƙashi

Wata uku babu abin da zai tayar wa mutum hankali. Tana ci, tana saɓa, launinta kore shar. A ƙarshen Disamba ta kai giram 61, wato ta ninka nauyinta har da ƙari.

Kafin kalsiyam ya isa ƙashin hawainiya sai abu uku sun haɗu. Na farko, ya kasance yana cikin abincin, kuma ya rinjayi fosfaras, kamar biyu bisa ɗaya. Gyaren da aka yi kiwonsa da dusa akasin haka yake, fosfaras ɗinsa ya ninka kalsiyam wajen sau tara, tsutsar dusa ma ba ta fi shi ba. Na biyu bitamin D3, wanda in babu shi kalsiyam ba ya tsallake hanji ya shiga jini, sai dai ya bi bayan gida ya fice. Fata ce ke fara ƙera shi idan hasken UVB ya sauka a kanta, wato zangon haske tsakanin nanomita 290 da 315, wanda idon mutum ba ya gani. Na uku ɗumi, domin zafin jiki ne ke juya abin da fata ta soma, kafin hanta da ƙoda su ƙarasa aikin.

Ɗumi kam tana samu daga ƙwan fitilar. UVB ne babu. Gilashin taga yana tare shi kusan baki ɗaya, haske da zafi su shigo, shi ya tsaya a waje, ga kuma gilashin akwatin a bayan na tagar. Ko da an wangale tagar ma, a Ingila daga Oktoba zuwa farkon Maris rana ba ta hawa sama yadda UVB zai wadatar. Shi ya sa hukumar lafiyarsu ta NHS ke shawartar mutane su riƙa shan bitamin D a waɗannan watanni.

Jiki kuwa ba ya yarda kalsiyam na jini ya faɗi, tunda da shi zuciya ke bugawa, da shi tsoka ke motsi. Da ya fara yin ƙasa, wasu 'yan ƙullutu a wuya da ake kira paratayroid sai su saki sinadarin da ke tatso shi daga ƙashi. Jini ya daidaita, ƙashi ya ci gaba da ramewa. Dabbar da ke girma da sauri ita ta fi shiga hatsari, saboda tana gina sabon ƙashi a daidai lokacin da ake yashe tsohon.

## Janairu: alamun farko

Harshe ne ya fara tona asiri, a mako na biyu na watan. Lafiyayyar hawainiya tana cilla harshenta ya zarce tsawon jikinta, ya cafko ƙwaro kafin ƙiftawar ido. Ita kuwa sai ta kafa idanunta biyu a kan gyare, ta buɗe baki, kan harshen ya leƙo, ta cilla, ya tsaya a rabin hanya ya faɗo kan reshe, ta janye shi sannu a hankali. Bayan 'yan kwanaki ta daina gwadawa. Sai ta taka har gaban gyaren ta kama shi da baki. Mai ita ya ɗauka sabo ne ta yi da shi, har ta yarda tana cin abinci kusa da hannunsa.

Alama ta biyu, ya riƙa ganin ƙafarta ta baya ta damƙe hannunta na gaba a maimakon reshe, ta tsaya cak ta kasa kwance kanta. Ta uku, ya dawo daga aiki da safe ya tarar da ita a ƙasan akwati, ta yi duhu, alhali hawainiya a sama take kwana. Ya mayar da ita kan reshe. Bayan mako guda aka maimaita.

## Fabrairu: abin da aka gwada a gida

Ruwa ya fara zargi. Ya karanta cewa hawainiya ba ta shan ruwa a kwano, sai ɗigon da ke kan ganye, kuma gaskiya ne. Ya koma fesa ruwa sau huɗu a rana, ya rataya robar da ke ɗigo. An ga amfanin wannan: farin abin da ke fitowa tare da bayan gidanta, wanda a da ya yi ruwan goro, ya koma fari. Harshe dai yana nan yadda yake.

Bayan kwana goma ya koma kan gari. Ya sayo kalsiyam mai haɗe da D3 da wani garin bitamin, kullum yana turbuɗe kowane gyare a ciki. Amma a lokacin cinta ya riga ya ragu zuwa gyare biyu ko uku a rana, tana tauna su da ƙyar, wani ta furzar. Gyaren da ya daɗe yana yawo a akwati kuma yakan karkaɗe garin daga jikinsa kafin a cinye shi. Aka yi mako biyu a haka.

A tsakiyar watan ne ya gane maganar UVB. Ya sayo ƙaramin ƙwan UVB mai murɗaɗɗen gilashi. Da yake fitilar zafi ta cinye wurin da ke saman raga, sai ya maƙala sabon a gefe, yana haska ta ta jikin gilashin akwatin. Ƙwan yana ci, yana ba da haske mai shuɗi-shuɗi, hankalinsa ya kwanta.

Kafin watan ya ƙare hannayenta na gaba sun nuna kamar gwiwa biyu-biyu gare su, lanƙwasa a inda ya kamata ƙashi ya miƙe. Bakinta ba ya rufuwa ruf. Zankon kanta ya karkata hagu.

## Makon farko na Maris: asibiti

Ta faɗo daga reshen sama, tazarar da ba ta wuce santimita 40 ba, hannunta na hagu ya koma yana lilo, yatsunta na karkarwa. Asibitin dabbobin unguwa, da yake karnuka da kyanwa suka fi gani, suka tura shi wurin wata likita da ta ƙware a kan dabbobi masu rarrafe.

Nauyinta giram 66, ƙarin giram biyar kacal a wata biyu. Likitar ta taɓa muƙamuƙin ƙasa da yatsa biyu, ya lotsa. Idanun ba su kumbura ba, wanda ya rage zargin ƙarancin bitamin A, tunda shi ma yakan lalata harshe. A hoton ƙashi da ƙyar ake bambance ƙashi da nama, bangon kowane ƙashi ya yi siriri. Hannun hagu bai ɓalle biyu ba, lanƙwashewa ya yi ya tsage, yadda ɗanyen karan dawa ke yi in an tanƙwara shi. A ƙafar dama ta baya akwai tsohuwar karaya da ta fara haɗewa a karkace, wadda mai ita bai ma san da ita ba. Sannan ga wasu dunƙule-dunƙule a ciki: ƙwai ne ke haɗuwa. Macen 'yar Yaman tana yin ƙwai ko ba ta taɓa ganin namiji ba, kuma tana iya zuba ashirin zuwa saba'in a lokaci guda.

Gwajin jini ya zo da abin da ke ruɗar wanda bai saba ba. Jimillar kalsiyam ba ta yi ƙasa ba. Dalili biyu ne: paratayroid na ta tatso shi daga ƙashi, kuma mace mai haɗa ƙwai jininta kan cika da kalsiyam da ke ɗaure da furotin na gwaiduwa, wanda tsoka ba ta iya amfani da shi. Da aka auna sakakken kalsiyam, wanda shi ke aiki, sai ga shi ƙasa, fosfaras kuma sama. Gwajin ƙoda ya fito lafiya, don haka ba ciwon ƙoda ne ya jawo laushin ba.

Likitar ta nemi hoton akwatin a wayarsa, ta kuma ara masa na'urar auna UV, Solarmeter 6.5. Ya koma gida ya ɗora ta a kan reshen da hawainiyar ke shan ɗumi, ƙwan UVB na ci. Na'urar ta nuna 0.0. Ya fito da ita waje ya kara ta a gaban ƙwan, babu gilashi a tsakani, lamba ta tashi.

## Maris: jinya

An fara da allurar kalsiyam gulukonet. Ma'aunin da aka saba ba masu rarrafe miligiram 100 ne ga kowane kilo, wanda ga dabba mai giram 66 bai kai ɗigo biyu ba, shi ya sa ba aikin gida ba ne. An maimaita ta a kwanakin farko har karkarwar ta tsaya, sannan aka koma ruwan kalsiyam na baki safe da yamma, da maganin rage zogi. Likitar ta ce a dakatar da garin D3 nan take. Shi bitamin D3 na ci, in ya yi yawa, yakan sa kalsiyam ya daskare a ƙoda da jijiyoyin jini. Wanda fata ke yi kuwa yana da birki, in ya isa sai fata ta daina.

Ƙashin bai da ƙwarin da zai riƙe ƙarfe, don haka aka yi mata ɗan sassauƙan ɗori da auduga da filasta. Wannan bai yi ba. Ɗorin ya hana ta riƙo, ta yi ta kifewa, bayan kwana biyar aka kwance shi, aka bar hutu ya yi aikin.

Aka sake mata mazauni gaba ɗaya. Ƙaramin keji na raga, an shimfiɗa tawul ninki biyu a ƙasa, rassa a kwance santimita 10 kawai daga ƙasa, ko ta faɗo ba za ta ji ciwo ba. A sama doguwar fitilar T5 mai UVB kashi 6, aka yi ta ɗaga ta ana saukewa har na'ura ta nuna 3 a kan reshe, wajen santimita 20 zuwa 25 daga fitilar, aka kuma bar gefe guda da ganye inda lambar ba ta kai 1 ba, don ta samu wurin fakewa. Wannan lamba ta samo asali ne daga aikin Gary Ferguson da abokansa, waɗanda suka auna UV a wuraren da ƙadangaru da macizai ke shan rana a daji, suka kasa su rukuni huɗu a 2010. Masu kiwo suna sa 'yar Yaman a rukuni na uku. Fitila awa goma sha biyu a kunne, goma sha biyu a kashe. Wurin shan ɗumi digiri 28, da dare a bar ɗakin ya sauka zuwa 17 ko 18.

Ciyarwa ita ta fi cin haƙuri. Kwana goma na farko kunun ƙwari ake ba ta da sirinji marar allura. Ba a ɓare bakin, domin muƙamuƙin na iya karyewa a hannu. Sai a ɗiga kaɗan a gefen leɓe, a jira ta lasa, in ta buɗe a ƙara wani ɗigon, a jira ta haɗiye. Daga baya aka shigo da ƙwari masu taushi a ƙaramin kofi dab da bakinta: tsutsar baƙin ƙuda, wadda a cikin ƙwarin kiwo ita ce ke da kalsiyam mai yawa tun asali, da tsutsar siliki, da ƙananan gyare. Gyaren ma an canja musu abinci, kwana ɗaya ko biyu kafin a miƙa su sai a ƙosar da su da ganye masu duhun kore na dangin kabeji, da karas da kabewa. Garin kalsiyam zalla ake barbaɗawa, sama-sama, ba turbuɗewa ba.

A mako na biyu riƙonta ya yi ƙarfi. A na uku ta ci da kanta. A na huɗu ta cilla harshe ya kai kamar santimita 5, ya kama.

## Afrilu: ƙwai

A mako na biyar ta daina ci, ta sauko ƙasa tana zagaye tana tonon tawul. Nauyinta ya kai giram 74. Aka sa mata bokiti mai zurfin santimita 25 cike da yashi da ƙasa masu danshi, da reshe a jingine don hawa. Ta haƙa rami kwana biyu, tana barinsa tana sake wani. Mai ita ne ke leƙe, hawainiya kuwa in ta ga ana kallon ramin sai ta watsar da shi. Aka lulluɓe kejin da zane.

A rana ta uku ta yi laƙwas, aka mayar da ita asibiti. Abin tsoron shi ne ƙwai ya maƙale, ko saboda ƙugu ya lotsa ya toshe hanya, ko saboda tsokar mahaifa ba ta da kalsiyam ɗin naƙuda. Hoto ya nuna hanya a buɗe take. Likitar ta yi mata allurar kalsiyam, ta ce a ba ta dare ɗaya kafin a yi maganar allurar naƙuda ko tiyata. A daren ta zuba ƙwai 31, ta binne su, ta fito duk yashi a ka. Nauyinta ya faɗo giram 55.

Ciwon ya ɗan dawo baya. Karkarwa ta dawo kwana biyu, harshe ya sake gajarta, domin gwaiduwa da ɓawon kowane ƙwai daga ajiyar jikinta suka fito. Aka ci gaba da ruwan kalsiyam, aka ƙara mata ci na mako biyu.

## Mayu zuwa Satumba: farfaɗowa

Hoton ƙarshen Mayu, mako goma sha biyu da fara jinya, ya nuna bangon ƙashi ya fito sarai, karayar hannu ta haɗe da kauri amma a karkace. A Yuni aka daina ruwan kalsiyam. Ta koma babban keji na raga, santimita 60 da 60, tsayi 120, da rassa masu yawa a kwance da shuke-shuke masu rai da za su tare ta in ta zame. A ranakun bazarar Ingila da suka yi ɗumi yakan fitar da ita rana rabin awa zuwa awa guda, cikin kejin raga mai inuwa a gefe. Ba a fitar da ita cikin gilashi, zafi zai kashe ta.

Tsarin da aka tsaya a kai: kalsiyam zalla a kowane ci, garin bitamin mai D3 sau biyu a wata. Aka rage abinci zuwa ƙwari uku ko huɗu, yau a ba ta gobe a tsallake, wurin ɗumi kuma bai wuce digiri 28 ba. Yawan ci da yawan zafi su ke sa mace ta yi ƙwai da yawa kuma a kai a kai.

A Satumba nauyinta giram 82. Harshe yana kaiwa kamar santimita 15. Muƙamuƙi ya yi tauri amma na ƙasa ya ɗan gajarta, zanko yana nan a karkace, hannaye sun yi baka. Haka za su zauna, domin ƙashi a siffar da ya samu kansa yake ƙanƙarewa.

## Hukunci

Cikin abu ukun nan da ƙashi ke bukata biyu ne suka ɓace tun ranar farko, UVB da kalsiyam na abinci, kuma kowanne shi kaɗai ya isa ya kayar da ita. Gyaran da aka yi a Fabrairu duk da kyakkyawar niyya aka yi shi, amma kowanne ya kauce wa inda ciwon yake. Ruwa ya magance wata matsalar daban. Gari ya zo lokacin da bakin da zai ci shi ya riga ya lalace. Fitila an saya, gilashi ya cinye amfaninta. A ganina wannan na ƙarshen ya fi ɓarna, ba don ya fi sauran muni ba, sai don ya kwantar wa mai ita hankali har tsawon mako biyu, a lokacin da ƙafa ta riga ta tsage.

Allurar asibiti ba ita ta gina ƙashin ba. Ta dai hana zuciya da tsoka tsayawa, ta ba da sararin da fitila da abinci suka yi nasu aikin cikin wata uku. Da an yi allura an mayar da ita akwatin jikin taga, da zubin ƙwai na Afrilu ya tafi da ita.

Asarar da ta fi zafi ita ce mako bakwai tsakanin ranar da harshe ya gaza da ranar da likita ta gan ta. Duk nakasar da ta rage mata a wannan tsakanin ta bayyana. Hawainiyar da ta daina cilla harshe, ko take damƙar ƙafarta, ko aka tsince ta a ƙasa da safe, asibiti take bukata a makon, tare da hoton kejinta. Shagon ya ba da shawarar banza, wannan babu ja. Amma dokar kula da dabbobi ta 2006 a Ingila a wuyan mai dabba ta rataya biyan bukatunta, kuma na'urar aunawa, ko da kuɗinta ya fi na hawainiyar kanta, ana iya aronta na yini guda.

Wanda ke Kano ko Damagaram zai iya cewa mu rana ta ishe mu. Ta ishe mu a tsakar gida, ba a bayan gilashi ba, kuma ba ta maye gurbin kalsiyam. A 1999 aka buga wani bincike da aka yi a Jos kan yara 123 masu laushin ƙashi, yaran da ke wasa cikin rana kullum, aka tarar waɗanda aka ba kalsiyam sun fi warkewa nesa ba kusa ba a kan waɗanda aka ba bitamin D kaɗai. Haka lissafin yake ga hawainiya. Mai kiwonta a nan zai ƙosar da fara ko gyarensa da ganye irin zogale, ya barbaɗa kalsiyam, ya ajiye kejin raga inda hantsi ke bugawa, da inuwa a gefe.

Ita wannan hawainiyar dai maganarta ba ta ƙare ba. Ba ta sake ƙwai ba tun Afrilu, amma za ta sake, kuma kowane zubi zai ci daga ƙashin da aka sha wuya aka gina. Likitar ta kawo shawarar a cire mata mahaifa, tiyatar da ke da nata hatsarin ga dabbar da ba ta kai giram ɗari ba. An ajiye yanke shawara sai an ga hoton ƙashi na gaba. Kafin nan ana auna fitilar duk wata, za a kuma canja ta in ta cika shekara ko da tana ci, domin ƙarfin UVB ɗinta yana raguwa tun kafin haskenta ya dushe.